Gwiwata da Gwiwar Dikko

Da sunan Allah nake farawa. Shi ya saukar da cuta, shi ke ɗauke ta.

Sunana Sanda, manomin albasa ne a Dingyadi. Ban yi boko ba. Maƙwabcina Malam Isa ke riƙe da biro, na kuma ce masa ya rubuta yadda na faɗa, kada ya sa wa maganar zuma.

Shekara shida ke nan ina fama da gwiwa. Ba neman tausayi ya sa na ce a rubuta ba. Kuskure na yi, kuma ina ganin mutane suna yin irinsa.

Matata Kulu ta rasu tun kafin ciwon. 'Ya'yana maza biyu suna kudu, macen tana aure a Sakkwato. Mutum ɗaya ya rage mini wanda nake magana da shi ba tare da na auna ta ba: Dikko, ɗan gwaggona, mutumin Dandin Mahe. Taubashina ne, shekara ɗaya aka haife mu. Ni in ce masa bawana, shi ya ce mini bawansa. Mun yi shekara sittin muna zagin juna, ba wanda ya taɓa fushi. Ba a fushi da taubashi, kowa ya san wannan.

Lokacin dashen albasa abin ya fara. Na tsuguna tun hantsi, da na zo miƙewa gwiwar dama ta ƙi. Na dafa ƙasa na tashi. Makon farko na shafa man kaɗanya na ci gaba da aiki. Mako na biyu ta kumbura, na kira wanzami ya yi mini ƙaho. Jini ya fita, kumburi bai fita ba. Mako na uku, in na tashi da asuba sai in ji ƙafar kamar itace, sai na taka ta kaɗan take saki. In na zo tashi daga zaman tahiya tana ƙara kamar an taka busasshen kara. Ƙanwata ta ce sanyi ne, in bar shan ruwan randa. Wani ya ce wani abu na taka a gona, a nemo mini rubutu. Wani ya kawo saiwa a kwalba. Duk na yi. A mako na biyar na hau mota zuwa asibiti a Bodinga.

Na karɓi kati, na bi layi. Benci biyu ne, mutane sun fi ƙarfinsu. A ƙarshen na biyun sai ga Dikko, ya miƙe ƙafa ɗaya.

Ya ce, "Bawana, mi yak kawo ka?"

Na ce, "An ce mini ka kusa, na zaka cin gadon jakinka."

"Jakin ya hi ka hankali. Mi ka damunka?"

"Gwiwa."

"Wace?"

"Dama."

"Tawa hagu. Kai ko ciwo sai ka kwaikwayi ubangidanka."

Sai bayan azahar muka ga likita. Mace ce, ba ta kai 'yata ba. Ta lanƙwasa ƙafar, ta miƙe ta, ta ce yaya zafin. Na ce da sauƙi.

Ta ce, "Baba, da sauƙi gaisuwa ce. Ni lamba nake so. In babu zafi ko kaɗan, sifili. In zafin da ba ka taɓa jin irinsa ba ne, goma. Yau nawa?"

Ban taɓa jin an ƙirga ciwo kamar buhu ba. Na ce uku. Da Dikko ya fito na tambaye shi, ya ce shi bakwai ya faɗa. Tun daga ranar ta zama gaisuwarmu. Ko a waya, ko a layin asibiti, ba ina kwana ba ina gajiya, sai dai "Yau nawa?"

Ta tura mu Sakkwato ɗaukar hoton ƙashi. Na sayar da gero na yi kuɗin mota da na hoton. Muka tafi tare, muka dawo tare. Hotunan biyu a ambulan ɗaya aka sa su, ni na riƙe don ni ke da jaka.

Mako na bakwai muka koma wurinta. Ta ɗaga nawa ga haske. Ta nuna mini inda ya kamata a ga fili tsakanin ƙashin sama da na ƙasa. Babu fili. Ta ce guringuntsin ya cinye, ƙashi ke gogar ƙashi. Ta ɗaga na Dikko. Nasa da fili, gefe ɗaya ne kawai ya ɗan matse.

Na yi dariya. Na ce, "Likita, ashe mai bakwai ƙarya shika yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Hoto ba ya jin zafi, Baba. Mai ƙafa ke ji."

Ta ce ciwon sunansa ɗaya, amma tafiyarsa ba ɗaya ba ce. Wani nasa zai tsaya wuri guda shekara da shekaru. Wani ya yi ta hawa. Wani ya hau ya sauka. Wani ya lafa da kansa. Ta ce ko ita ba za ta iya duba hoto ta faɗi wanda zai fi shan wuya ba. Ta koya mana yadda za mu riƙa miƙe ƙafa muna ɗagawa don cinya ta yi ƙarfi. Ta ce mu riƙe sanda. Ta ce ƙwayar da ta rubuta a sha ta bayan an ci abinci, a kuma tsaya inda ta ce, kada a ƙara da ta kasuwa, don tana cin ciki.

Na ji duka. Abin da na riƙe ɗaya ne: hotona ya fi na Dikko muni.

Shekarar farko tawa ta sauka. Biyu, wani lokaci ɗaya in ana zafi. Na yi dashe, na yi ban ruwa, na cire albasata. Dikko kuwa bakwai, takwas, bakwai. Ya bar gona. Ya koma salla a kan kujerar roba a ƙarshen sahu. Duk wata muna haɗuwa a Bodinga, ɗansa Bello ke kawo shi a babur. A layin nan akwai wata mai ƙuli-ƙuli daga Shagari, ta ce mana ita shekararta tara da ciwon, kuma kullum huɗu take, ba ta hawa ba ta sauka. Wannan ma na ji, ban ɗauki komai a ciki ba.

Sai aka yi wa Bello haihuwa. Na yi mako guda ina shirya wasan da zan yi wa Dikko ranar suna. Na sa ambulan ɗin a jaka na tafi Dandin Mahe.

An raɗa suna, an raba goro, rana ta fito. Kowa yana kan tabarma, Dikko kaɗai ke kan kujera. Na miƙe tsaye na fito da hotunan, na ɗaga su ga rana, ɗaya a kowane hannu.

Na ce, "Jama'a, ku yi mini shari'a da bawana. Wanga nawa na. Kun ga ƙashi bisa ƙashi? Da shi nic cire albasa bana. Wanga ko nashi na, sabo hul kamar na ango. Shi aka ɗauko ma kujera. Ku naɗa shi Sarkin Raki mu huta."

Wuri ya kaure da dariya. Wani ya cire rawaninsa zai naɗa masa. Dikko ma ya yi dariya. Ya ce, "Ku bar shi, yunwa ta. A ba bawan nan masa shi yi shiru." Na zauna ina jin daɗi, na ci shi wasa.

Mutum ɗaya bai yi dariya ba. Bello ya karɓi hotunan ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Baba Sanda, wanga da gaske na Baba na?"

Na ce, "Tambayi likita."

Ranar asibiti ta zagayo, Dikko bai zo ba. Na kira shi.

"Yau nawa?"

"Da sauƙi."

"Lamba nika tambaya."

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ina su Malam Isa?"

Wata na gaba ma haka. Sai labari ya zo mini cewa Dikko ya koma gona, ya ajiye kujera, yana salla a cikin sahu. Na riƙa faɗa wa mutane ni na warkar da shi, abin da likita ta kasa. In na kira shi yana amsawa, muna gaisawa kamar surukai. Ya daina ce mini bawansa. Na lura, amma na ce girma ne ya zo masa.

Wata bakwai aka yi haka.

Wata ranar Talata da hantsi Bello ya kira ni. Ya ce Baba ya faɗi a gona yana aman jini, suna Bodinga. Da na isa an sa masa ruwa, ana neman jini. Bello ya bayar. Fuskar Dikko ta yi fari kamar toka.

Matarsa Hajo ta ce in zo. Muka tsaya a gindin dogon yaro a bakin ɗakin marasa lafiya. Ta kwance bakin zanenta ta fito da leda, ta zazzage a gabana. Fankon ƙwayoyi ne, ja da rawaya, sun fi a ƙirga.

Ta ce, "Ƙarƙashin katiharshi nis same su. Wurin mai talla shika saye ranar kasuwa. Biyu in za shi gona, biyu da rana, sau da yawa ba komi cikinai."

Na ce, "Mi yas sa bai koma asibiti ba?"

"Wa za ya kai shi? Bello ya ce tunda hoto bai nuna komi ba, a bar ƙona mai. Jikokinai na kiranai Sarkin Raki. Masallaci in ya ɗauko kujera sai a yi murmushi. Kai ka yi wasanka ka hau mota ka tahi gida. Mu munka zauna da shi."



Ta ce, "Shi ba shi iya hushi da kai, Malam Sanda, taubashinai kake. Ni ko ba taubashiyarka ba ce."

Ta tattara fankon ta koma ciki.

Kwana tara na yi a barandar asibitin a kan tabarma. Ni ke kama shi in zai zagaya. A nan zan yi ƙorafi: wurin da ake kwantar da masu ciwon ƙafa, bayan gidansa na tsuguno ne, ba ko ƙarfen da mutum zai dafa. Kati kuma sai ka yi rabin yini kafin a nemo shi. A nan kuma zan yi godiya: akwai wani ma'aikacin jinya, ban san sunansa ba, shi ya samo kujera ya huda tsakiyarta ya kawo mana. Likitar nan ma ta zo, ta ga ledar. Ba ta yi faɗa ba. Ta dube ni kawai, don ta tuna ni. Na gwammace ta yi faɗan.

Ta ce ƙwayoyin sun yi masa gyambo a ciki. Daga yau ba shi ba irinsu har abada. Sai ƙwaya mai sauƙi da man shafawa. Ma'ana, zafin gwiwar zai zauna da shi ba abin da zai kare shi sosai.

Rana ta shida ya fara shan kunu. Na zauna a bakin gadon na ce, "Dikko, na cuce ka. Ka yahe mini."

Ya ce, "Na yahe. Ai wasa na."

Na ce, "Yau nawa?"

Ya dubi silin. Ya ce, "Da sauƙi."

Ya yafe, na yarda. Amma ƙofar nan ya rufe ta.

Bayan an sallame shi na je Dandin Mahe ranar Juma'a. Da aka idar na tsaya a bakin masallaci na ce abin da na faɗa ranar suna jahilci ne, likita ta gaya mini hoto ba ya auna zafi, ni na ƙi ji. Ranar wasan duk gari na nan. Ranar gyara, waɗanda suka tsaya ba su cika tabarma biyu ba. Sauran suna sauri, kasuwa na ci. Bello dai ya ji. Ya koma kai ubansa asibiti.

Na riƙa zuwa duba shi. Ina kai masa albasa da gero. Muna gaisawa, mu yi maganar ruwa da taki, in tashi. In na dawo gida ba wanda zan gaya wa yadda muka yi. Shekara biyu haka.

A shekara ta huɗu, da damina, tawa ta tashi. Ban faɗi ba, ban bugu ba. Makon farko biyar. Mako na uku bakwai. Kafin wata biyu takwas, ta zauna a nan. Aka sake hoto. Likita ta ajiye sabon kusa da tsohon, ta ce kusan duk ɗaya ne. Hoton bai canja ba, ni na canja. Mai ƙuli-ƙulin Shagari tana nan a layi, na tambaye ta, ta ce huɗu.

Na kasa tsuguno. Na ba wani gonar ya noma mu raba. Daga ɗakina zuwa rijiya taku kaɗan ne, amma sai na tsaya sau biyu. In na ɗebo rabin bokiti, da shi zan yi alwala, da shi zan dafa abin da zan ci. 'Yata ta zo ta yi mako guda ta koma ɗakinta, haka ya kamata. Mazan suna aiko da abin da suka samu, Allah ya yi musu albarka, amma aike ba ya kama mutum ya tashe shi. Wata rana na zauna a ƙasa don in gyara murhu, na kasa tashi. Daga hantsi har azahar ina nan. Ban yi kira ba. Da jan gindi na kai ga turmi na dafa.

Abin da ya hana ni kira shi ne bakina. Duk Dingyadi sun san ni ne mai ƙashi bisa ƙashi da ke cire albasa. Ranar da na fara fita da sanda wani ya ce, "A'a, Sanda da sanda? Kai da ka hi ƙarhin hoto?" Aka yi dariya. Ba mugunta ba ce, wasa ne. Na yi dariya ni ma. Ya ce yaya ƙafar. Na ji bakina ya ce, "Da sauƙi."

A nan na san abin da ke cikin kalmar. Na san abin da Dikko yake gaya mini shekara uku.

Na ɗauki keke mai ƙafa uku tun daga Bodinga har ƙofar gidansa, don ba na iya hawa babur. Saukowa ta ɗauke ni lokaci. Yana zaure a kan kujerarsa yana kallona har na iso. Na jingina da bango, don in na zauna a tabarma ba mai tashe ni.

Ya ce, "Sannu da zuwa. Ya ƙahwa?"

Na ce, "Babu sauƙi, Dikko. Takwas."

Ya dube ni tun daga hula har sandar. Ya daɗe. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Hajo! Kawo kujera. Sarkin Raki na Dingyadi ya kawo ziyara."

Hajo ta kawo, ta ajiye, ta gaishe ni a taƙaice ta koma.

Ya ce, "Ina hoton? Kawo mu ɗaga ma rana."

"Na ƙone shi."

"Ka yi asara. Da ka bari an yi maka mahuci, bawan banza."

Rabona da jin kalmar nan daga bakinsa shekara uku. Na sunkuyar da kai ina duban sandata. Muka zauna, kujera biyu a zaure ɗaya. Ya nuna mini yadda yake naɗe gwiwa da tsumma mai ɗumi kafin ya taka. Ya ce in ɗaura igiya a jikin azara kusa da shimfiɗa, in riƙa kamawa ina tashi. Aka kira la'asar, muka yi ta a zaune, kafaɗa da kafaɗa.

Da mai keke ya dawo na miƙe da ƙyar. Ban tambaye shi komai ba, na riga na daina. Na kai bakin zaure sai ya ce, "Sanda."

"Na'am."

"Biyat."

Na juyo.

Ya ce, "Yau biyat. Jiya bakwai. Tun bara take sauka, ban san dalili ba."

Na ce, "To."

Na fita na hau keke.

Daga ranar kullum da hantsi ɗayanmu zai kira. Ba ma daɗewa. "Yau nawa?" "Shidda. Kai ha?" "Huɗu. Na hi ka." "Bawa ba shi hin ubangijinai." Sai a kashe. Wata rana ni ke sama, wata rana shi. Ba mu taɓa gane abin da ke hawar da ita ko saukar da ita ba. Wata goma sha huɗu muka samu a haka.

Bara bayan girbi zazzaɓi ya kama shi, kwana huɗu ya rasu. Ba gwiwar ce ta kashe shi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi. Bayan sadakar arba'in Bello ya zo da kujerar a ɗaure a bayan babur. Ya ce Inna ta ce a kawo mini. Da ita nake salla yanzu a ƙarshen sahu.

Ga abin da nake so a ji. In ku biyu ne da ciwon gwiwa, kada ka auna na wani da naka. Kada ka auna na yau da na bara, ko naka ne. Kada ka sha ƙwayar talla don ka nuna wa mutane kai namiji ne. In kana da tsoho a gida ya ce yana jin zafi, yana ji. In ya ce da sauƙi, amsa gaisuwa ya yi. Samu wuri ka zauna, ka sake tambaya.

Tawa ta ɗan sauka bana. Ina zuwa rijiya ba tsayawa. Ban san ko za ta zauna haka ba, likita ma ta ce ba ta sani ba.

Mutane suna gaishe ni, ba su rage ni da komai ba. Yau da safe mutum uku sun tambaye ni ƙafa a bakin masallaci, na ce musu da sauƙi. Da hantsi ya yi na ga wayar a hannuna, ban san lokacin da na ɗauko ta ba. Na mayar da ita aljihu.

Malam Isa, rubuta. Yau shida.